Bayan gida ya koma caɓi, ruwan sokawe ya ƙi shanyewa, ina mafita?

Abu Hanan: Slm jama'a. Dan Allah masu sanin harkar ruwa da gini ku taimaka min da shawara. Tsarin bayin gidana ba irin rami guda ɗaya bane, tanki ne a binne, daga tankin ruwa yake fita ya bi wasu fayif masu huji-huji da aka shimfiɗa cikin dogayen ramuka da tsakuwa a filin bayan gida, ƙasa ta shanye. To yanzu filin nan ya caɓe, in ka taka ƙafa nutsewa take, ciyawar wajen tayi kore shar fiye da ko'ina, ga wari musamman da yamma, in an kora ruwa a masai kuma sai ka ji yana gurgur ruwan ya daɗe bai tafi ba. Na kira masu mota sun kwashe tankin, aka ɗan samu sauƙi, yanzu abu ya dawo sabo. In sake kiransu ne ko yaya?

Ɗan Gayu: Oga ka samo asid ko soda mai ƙarfi ka antaya a masai, zai cinye komai ya buɗe hanya. An gama.

Usta Falamba: Haba Ɗan Gayu, so kake ka ƙarasa masa filin? Abu Hanan kar ka kuskura. Tankin nan da kake gani ƙwayoyin bakteriya ne ke aiki a ciki suna narka dauɗa, ka zuba asid ka kashe su, kuma asid yana cin siminti, ya bi ruwa ya shiga ƙasa har rijiya. Sannan matsalarka ma ba a tanki take ba, tunda an kwashe kuma ta dawo. Tambaya ɗaya zan maka, lokacin da motar ta zuƙe tankin akwai wanda ya leƙa ya ga ko ruwa yana dawowa ciki ta fayif ɗin fita?

Abu Hanan: Eh wallahi Usta, yaron motar ma sai da ya nuna min, ruwa na ta zubowa baya ta wannan fayif ɗin kamar an buɗe famfo. Ban ɗauka wani abu bane.

Usta Falamba: To shi ne abun ai. Wannan ruwan daga filin yake dawowa, ramukan sun cika maƙil ƙasa ta daina sha. Ko sau goma ka kwashe, tankin zai sake cika cikin ƴan kwanaki a koma gidan jiya. Kwashewa tana da amfaninta amma ba ita ce maganin wannan ba, kuɗinka kawai za ka yi ta zubarwa.

Injiniya Mai Ruwa: Wslm. Usta ya faɗi gaskiya. Bari in ɗan yi dogon bayani ku yi haƙuri, don in ba a gane yadda abun yake aiki ba sai a yi ta gyaran inda ba nan ciwon yake ba.

Tanki aikinsa rarrabewa ne kawai. Abu mai nauyi ya kwanta ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya shi ke fita zuwa fili. Ruwan nan ba mai tsabta bane, ƙasa ce ke ƙarasa tace shi, kuma ƙasar sai da iska a cikinta take iya aikin. A ƙasan ramukan da gefensu, daidai inda tsakuwa ta haɗu da ƙasa, a hankali wani baƙin yauƙi yake taruwa, bakteriya ne da abin da suke fitarwa. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani don yana rage gudun ruwa ya taimaka wajen tacewa. Amma in ruwa ya yi yawa kullum ramin a jiƙe ba ya samun iska, ƙwayoyin da ke cin yauƙin nan su kuma sai da iska suke rayuwa, to sai ya yi ta kauri har ya shafe ramin kamar an yi masa filasta. Daga nan ruwa ba shi da hanya sai sama ko baya.

Saboda haka abin da za ka fara bincike shi ne daga ina ruwan yake. Ko dai daga cikin gida yake yin yawa, ko ruwan sama ne ke kwararowa kan filin, ko kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso. Kowanne maganinsa daban. Mutum nawa ne a gidan yanzu, kuma nawa ne lokacin da aka yi filin? Indararon rufinka ina yake zuba? Ana ajiye mota a wajen?

Abu Hanan: Injiniya lokacin da aka yi mu shida ne, yanzu da ƙannena da iyalin yayana mun kai sha biyar. Indararo biyu na baya kam a kan filin suke zuba gaskiya. Mota kuma wani lokacin in baƙi sun zo nan ake fakin.

Maman Biyu: Tab, ai ka amsa wa kanka Malam. Mutum sha biyar a tsarin mutum shida.

Injiniya Mai Ruwa: Hajiya ta riga ni. Bari mu yi lissafi. Gida mai famfo da shawa da masai na ruwa, ka ɗauka kowane mutum lita 100 zuwa 150 a rana. Mutum shida lita 900 kenan in an yi yawa, mutum sha biyar kuma ya haura lita 2000. Tankin ma kansa ya kamata ruwa ya kwana a ciki aƙalla awa 24 kafin ya fita don laka ta samu ta kwanta, in ruwa na shigowa da yawa sai ya wuce da sauri ya kwashi lakar ya kai cikin fayif ɗin fili. Sai rufi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a yi ruwa milimita 30, lita 3000 kenan a dare ɗaya ka juye wa filin da dama da ƙyar yake numfashi. Motar kuma tana danne ƙasa ta danƙare, iska ta daina shiga, wani lokacin ma ta fasa fayif ɗin ko ta lanƙwasa shi.

Usta Falamba: Ƙari a kan na Injiniya, ka duba tankunan masai na cikin gida ɗaya bayan ɗaya. Robar da ke toshe ruwa in ta tsufa sai ruwa ya riƙa zirara cikin kwanon dare da rana ba wanda ya lura, ba ya ko ƙara sosai. Masai ɗaya mai yoyo yana iya zubar da sama da lita 700 a rana. Gwajin ba wuya, ɗiga kala a cikin tankin saman, kar kowa ya kora, ka dawo bayan minti 15 ko 20, in ka ga kalar a kwano to yana yoyo. Na sha zuwa aiki a ce min fili ya mutu, ashe roba ce ƴar ƙarama.

Ɗan Gayu: Ni fa duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. A ja fayif daga tankin a sake shi a kwata kawai, kowa ya huta.

Malama Nas: Subhanallah, Ɗan Gayu ka ji tsoron Allah. Ruwan da ke fita daga tankin nan ɗauke yake da ƙwayoyin kwalara da taifod da ciwon hanta da ƙwan tsutsar ciki, ka sake shi a kwata yaran maƙwabta na wasa a wajen, ƙuda na sauka su tashi su sauka kan abinci. Abu Hanan kai ma tun yanzu ka killace wajen da ya caɓe, kar yara su je kar dabbobi su je, duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu. Kuma akwai rijiya ko bohol a kusa? In akwai a daina shan ruwan ba a tafasa ba har sai an kai an gwada. Abin da aka fi bi shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin irin wannan fili da rijiya.

Admin: Ɗan Gayu dan Allah in wasa kake ka daina, wani zai karanta ya ɗauka da gaske.

Ɗan Gayu: Tuba nake Malama, na janye.

Baba Dattijo: Yara ni dai a nawa ganin a haƙa rami mai zurfi sosai a ƙarshen filin a cika da duwatsu, ruwan ya samu inda zai gangara. Zurfi shi ne magani.

Injiniya Mai Ruwa: Baba ranka ya daɗe, da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Tacewar da ƙasa take yi a sama-sama take yi, inda iska ke kaiwa da ƙwayoyin da ke cin dauɗa. In ka yi zurfi ka tsallake wannan wajen ka kai ƙazanta kusa da ruwan da mutane ke sha. Shi ya sa ake son a samu aƙalla mita 1 zuwa 1.5 na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da inda ruwan ƙasa ke kaiwa lokacin da ya fi tasowa. In kuma matsalar dama ruwan ƙasa ne ya taso, to ramin da ka haƙa rijiya ka haƙa, da kansa zai cika tun kafin a zuba masa komai. Faɗi ake nema ba zurfi ba.

Baba Dattijo: To ai ni nawa rami ne mai zurfi kuma shekara da shekaru bai taɓa cika ba.

Injiniya Mai Ruwa: Wataƙila ƙasarka mai yashi ce Baba kuma ruwa na nesa. Rashin cikarsa ba ya nuna yana tacewa, yana nuna yana wucewa da sauri ne kawai, ina yake zuwa shi ne tambayar. Ƙasar da ke shan ruwa da sauri fiye da kima ita ma matsala ce.

Abu Hanan, ga yadda za ka gane ko ruwan ƙasa ne. Ka je can nesa da filin, wajen da tsayinsa ɗaya da shi, ka haƙa ƙaramin rami kamar mita ɗaya da rabi ka rufe bakinsa ka bar shi ya kwana. In da safe ka tarar da ruwa garau ba wari ya taru, ruwan ƙasa ne. Ka kuma kalli launin ƙasar da ka fito da ita, in ka ga toka-toka da ɗige-ɗigen ja kamar tsatsa, alama ce ruwa yana zama a wannan zurfin wani lokaci a shekara ko da yanzu a bushe yake. In ramin ya kwana a bushe, to filin ne ya toshe.

Abu Hanan: Na dawo da rahoto. Ramin nesa ya kwana a bushe ƙayau, ƙasar ja ce ba toka. Masai ɗaya cikin huɗu yana yoyo, kalar ta fito tun kafin minti goma. Sannan da aka ɗaga murfin tanki ta ɓangaren fita, Usta wani fayif mai kamar harafin T da ake sawa a bakin fita babu shi, ya karye ya faɗa ciki, sai bakin fayif kawai a buɗe.

Usta Falamba: Innalillahi, to ga babban ɓarawon nan. T ɗin nan shi ke hana maiƙon sama da kumfa bin ruwa, yana ɗibar ruwa ne daga tsakiya. Tunda babu shi duk maiƙon kicin da tishu da komai fili suke tafiya kai tsaye, Allah kaɗai ya san tun yaushe. A mayar da shi yau ba gobe ba, in da hali a sa har da matacin da ake zurawa a cikinsa, ana zaro shi a wanke lokaci-lokaci. Amma dan Allah kar kowa ya shiga tankin, kar ma a zura kai ciki, iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Kar a kunna ashana ko sigari a bakin, akwai gas mai kamawa. Daga sama ake wannan aikin.

Maman Biyu: Usta mu mata kullum mu ake ɗora wa laifin maiƙo, to ina za mu kai ruwan wanke-wanke? Kuma ni injin wanki nake so a min bayani, wai shi ma yana kashe sokawe?

Usta Falamba: Hajiya ba laifi aka ɗora ba. Man suya da ya rage a juye a gwangwani a zubar a shara, a goge tukunya kafin a wanke, in an sa ƴar cemba, wato ƙaramin akwatin da ruwa ke bi ta ciki, mai tare maiƙo a layin kicin ma ya fi. Injin wanki kuma ba haramun bane, tara wanki a yi lodi biyar shida a rana ɗaya shi ne matsalar, ruwa ya taho da ƙarfi ya dama tankin. A rarraba cikin sati. Zaren tufafi da ke fita da ruwan ba ya ruɓewa musamman na roba, a ɗaura masa mataci a bakin tiyo. Famfas da audugar mata da tsumman goge jarirai kuwa ko an rubuta a jikin leda wai ana iya korawa, kar a kora.

Ummu Sultan: Ni tambayata, maganin nan da ake tallatawa wai garin bakteriya ne ka zuba ya farfaɗo da fili, yana aiki?

Injiniya Mai Ruwa: Ni dai ba na ba kowa shawarar saye. Bakteriyar da tanki ke buƙata kullum muna aika masa da ita kyauta. Wasu magungunan ma dama lakar suke ta tashi ta bi ruwa zuwa fili, ka ga an ƙara ciwo. Hukumar kare muhalli ta Amurka abin da take cewa shi ne a duba tanki duk shekara uku, a kwashe duk shekara uku zuwa biyar. Gida mai mutum sha biyar da ƙaramin tanki kuwa ba zai kai haka ba, a riƙa aunawa da doguwar sanda, in laka da maiƙo sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan a kira mota.

Abu Hanan: To Injiniya yanzu filin zai dawo ko ya mutu kenan?

Injiniya Mai Ruwa: Ba zan maka alƙawari ba. Ka fara da masu sauƙin: T, robar masai, a karkatar da indararo can nesa ta gangare, a kafa wani abu ya hana mota shiga. In filin yana ƙasan gangare ruwan sama na bi ta kansa, a yi ƴar magudana ta sama da shi, rami da tsakuwa da fayif, ta tare ruwan ta kewaye da shi. A buɗe cembar da ke raba ruwa zuwa layukan a gani, sau da yawa takan karkace sai layi ɗaya ya riƙa shan duk ruwan sauran na zaune a bushe, daidaita ta kawai yana kawo sauƙi. In akwai bishiya kusa, musamman irin masu son ruwa kamar turare, a duba ko saiwa ta shiga fayif.

Baƙin yauƙin nan in aka daina aika masa ruwa ramin ya bushe iska ta shiga, yana ruɓewa da kansa, amma abu ne na wata shida zuwa shekara, kuma ba za ka ce wa mutum sha biyar su daina shiga bayi ba. Shi ya sa maganin da na fi yarda da shi shi ne fili na biyu da bawul a tsakani, wannan ya yi aiki wancan ya huta, duk shekara a juya. Kai dama dole ka ƙara fili tunda mutane sun ninka.

Usta Falamba: Ni kafin a kai ga haƙa sabo zan so a wanke layukan da injin ruwa mai ƙarfi a zuƙe dauɗar. Na ga inda hakan ya tada fili.

Injiniya Mai Ruwa: Yana buɗe fayif da hujojinsa Usta, na yarda, kuma tunda T ya karye lallai akwai kaya a ciki. Amma abin da ya shafe jikin ƙasa a bayan tsakuwa injin ba ya kaiwa can.

Usta Falamba: A gwada dai, ya fi arha kan haƙa.

Injiniya Mai Ruwa: A gwada, ban hana ba, amma ya fara neman wajen sabon filin.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni na yi gwajin ramin nesan da kuka ce, nawa ruwa ya taru tun bai kai mita ɗaya ba, kuma ƙasar yumɓu ce mai danƙo. Duk damina haka muke fama.

Injiniya Mai Ruwa: Naka daban ne da na Abu Hanan, kai ko sabon fili ka haƙa a ƙasa haka zai yi. Irin naka sama ake hawa. Ana kawo yashi mai kyau wankakke a tara tudu a kan ƙasar, a shimfiɗa tsakuwa da fayif a cikin tudun, a rufe da ƙasa a shuka ciyawa, sai ƙaramin famfon lantarki ya riƙa tura ruwa daga wata cemba zuwa sama kaɗan-kaɗan. Tun shekarun 1970 aka inganta wannan tsarin a jihar Wisconsin ta Amurka saboda irin ƙasarka. Akwai kuma tanki mai injin hura iska da ke tace ruwan sosai kafin ya fita, amma yana son wuta kullum da kulawa. Gargaɗi ɗaya gare ka, kar ka kwashe tanki ƙaf lokacin da ƙasa ke cike da ruwa, in na roba ne ko faiba ruwan ƙasa na iya turo shi sama ya karya fayif, ko ya matse shi.

Abu Hanan: Sabon filin yaya zan san girmansa? Kar in sake yin na ƙiyasi.

Injiniya Mai Ruwa: Gwajin shan ruwa za a yi. Ga yadda ƙa'idar gini ta Ingila ta tsara shi, yana da sauƙin bi. A daidai zurfin da fayif zai kwanta a haƙa rami santimita 30 faɗi, 30 tsawo, 30 zurfi. A cika da ruwa a bar shi ya kwana ƙasa ta ƙoshi. Washegari a sake cikawa, a ƙirga daƙiƙa nawa ruwan ya ɗauka daga kashi uku cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato saukar milimita 150. Raba daƙiƙoƙin da 150. In amsar ta faɗa tsakanin 12 da 100 ƙasar ta yi. A maimaita sau uku a rami aƙalla biyu a ɗau matsakaici. Sai ka ninka adadin mutane da wannan amsar da 0.25, ya ba ka murabba'in mitan gindin ramuka. Misali ruwan ya ɗau minti 100, daƙiƙa 6000 kenan, raba da 150 ya ba ka 40. Mutum shida murabba'in mita 60, mutum sha biyar 150. In faɗin rami santimita 60 ne, tsawon ramukan gaba ɗaya mita 250 kenan.

Abu Hanan: Mita 250? Injiniya ai bayan gidan gaba ɗaya bai kai haka ba.

Injiniya Mai Ruwa: Misali na bayar, taka ƙasar na iya fin haka sha, sai an gwada. Kuma ana iya faɗaɗa ramin har santimita 90 tsawon ya ragu. In duk da haka waje bai isa ba sai a rage abin da ake aika masa, ruwan wanka da na wanki a ware musu nasu wajen shanyewa in dokar inda kake ta yarda, a sa kan shawa mai tsimin ruwa da masai mai ƙaramin tanki. Ka tambayi hukumar da ke kula da gini ko tsaftar muhalli a yankinku kafin a sa diga, wasu wuraren sai da izini.

Usta Falamba: Kuma ka jira ƙasa ta bushe kafin a haƙa, in aka haƙa tana jiƙe shebur yana shafe jikin ramin ya toshe shi tun ranar farko. Tsakuwa wankakkiya za ka sa mai girman santimita 2 zuwa 5, ba mai ƙura ba, kamar santimita 30 a ƙarƙashin fayif. Fayif inci huɗu, gangarensa kaɗan ƙwarai, kar ya wuce santimita ɗaya a duk mita biyu, in ya yi gangare da yawa ruwan duk ƙarshe zai taru. A bar mita biyu tsakanin rami da rami, a rufa wa tsakuwar yadin nan da ke barin ruwa da iska su wuce amma ya tare ƙasa, kar a sa leda. In leburori sun zo ka tsaya a kansu wajen awon gangaren nan, nan suka fi yin ha'inci.